Sabunta taswirar mota: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Duk wanda motarsa ta zo da allon nuna hanya daga kamfani, wata rana zai ci karo da wannan tayin. Ko dai allon ya rubuto masa cewa taswirarsa ta tsufa, ko dillali ya ce akwai sabon kati, ko mai wayarin ya ce masa, "Kawo in sabunta maka, za ta riƙa ganin ko'ina." A Amurka, kuɗin sabunta taswirar motoci da yawa yakan kama daga dala 100 zuwa 200, kuma ba sau ɗaya ake biya a huta ba, kusan kowace shekara akwai sabon bugu. Hujjar masu sayarwa ɗaya ce kullum: hanyoyi suna canzawa, tsohuwar taswira za ta ɓatar da kai, ta ci maka mai, ta ci maka lokaci.

Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa take karɓuwa. Amma matsayata ita ce, ga mafi yawan tsofaffin motoci, musamman waɗanda ake shigo mana da su daga Amurka da Turai, biyan wannan kuɗi asara ce. Akwai 'yan wuraren da sabuntawar ta cancanta, zan kawo su. Sai dai kafin nan, ya kamata mu san mene ne ma ake sabuntawa.

Abu uku ne a cikin allon nan

Abin da muke dunƙulewa mu kira "GPS ɗin mota" abu uku ne daban-daban da aka zuba a akwati ɗaya.

Na farko shi ne mai karɓar saƙon taurarin ɗan'adam. Tsarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka ayyana cikar aikinsa a 1995. Taurarin, kimanin 30, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne sau biyu a rana. Kowane ɗaya yana ɗauke da agogon atom, aikinsa kuma shi ne ya yi ta shela ba tsayawa: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Saƙon yana tafiya da gudun haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ya iso mota cikin kusan kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa. Na'urar motar sai ta auna jinkirin isowar, ta ninka da gudun haske, ta sami nisanta da tauraron. Tana bukatar taurari huɗu aƙalla: uku don fitar da wuri, na huɗun don gyara agogonta, domin nata ba na atom ba ne. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kaɗai ya isa ya gusar da kai mita 300. Ka lura, motar ba ta aika wa tauraro komai. Saurare kawai take yi, ba data, ba kuɗin wata.

Na biyu ita ce manhaja, wadda take lissafin hanya, ta zana allo, ta yi magana.

Na uku ita ce taswira, wato kundin bayanan tituna da ke ajiye a faifan DVD, ko katin memori, ko ma'ajiyar cikin na'urar. Kamfanonin mota ba su ne suke zana ta ba. Yawancinsu lasisi suke saya daga kamfanoni irin su HERE da TomTom. HERE ɗin nan shi ne tsohon Navteq da Nokia ta saya, daga baya a 2015 Audi da BMW da Daimler suka haɗa kuɗi suka karɓe shi.

To, idan ka biya kuɗin sabuntawa, galibi na ukun nan ka saya. Tauraro bai san ka biya ba. Saboda haka wanda ya ce maka sabuwar taswira za ta sa motar ta fi "kama sigina" bai faɗa maka daidai ba. In kibiyar allonka tana tsalle-tsalle, ko tana daɗewa kafin ta gane inda kake, a fara duba eriya da wayarta, a duba ko an liƙa wa gilashi baƙar leda mai haɗe da ƙarfe, domin irin wannan tana raunana saƙon. Waɗannan duk ba ciwon taswira ba ne.

Akwai wuri ɗaya da taswira take shafar kibiyar. Manhajar tana ɗauka cewa mota a kan titi take, don haka takan ja kibiyar ta ɗora ta a kan titin da ya fi kusa a cikin kundinta. In kana kan sabuwar hanyar da ba ta sani ba, sai ta yi ta janka zuwa tsohuwar, tana cewa ka juya. Wannan kam sabuwar taswira tana maganinsa, in har sabuwar hanyar ta shiga cikinta.

Misalin da ya fi fito da bambancin manhaja da taswira shi ne abin da ya sami tsofaffin motocin Honda da Acura masu allon nuna hanya ranar 1 ga Janairun 2022. An wayi gari agogonsu ya koma shekarar 2002, kuma ba ya saituwa. An danganta matsalar da yadda GPS yake ƙirga makonni: daga 0 zuwa 1,023 yake ƙirgawa, sai ya koma sifili, wato duk bayan shekara 19 da wata bakwai da 'yan kai. Kamfanin ya ce masu motoci su jira watan Agusta, abin zai daidaita da kansa. Taswira komai sabuntarta ba ita ce maganin wannan ba, domin ciwon yana cikin lissafin manhaja.

Maganar kashi 15 cikin 100

Adadin da aka fi tallar sabuntawa da shi shi ne wai kusan kashi 15 cikin 100 na hanyoyi suna canzawa kowace shekara. In ka ji haka sai hankalinka ya tashi: kenan bayan shekara biyar taswirata ta zama tarihi?

Tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce, me ake nufi da "canji"? A kundin taswira, titi ba layi ba ne kawai. Yana da suna, da iyakar gudu, da dokar juyawa, da lambobin gidaje, da ko hanya ɗaya ce ko biyu. Kowanne aka taɓa, canji ne a wurin mai kundin. Amma a wurin direba, a rage iyakar gudu a wani lungu ba daidai yake da a rushe gada ba. Adadi ɗaya da ya haɗa su duka bai gaya maka sau nawa za ka ɓata ba.

Na biyu, matsakaicin adadi ba ya bayyana hanyoyin da kai kake bi. Canje-canje sukan taru a bakin gari inda ake yanka sababbin unguwanni, da wuraren da ake manyan ayyuka. Manyan hanyoyin da suka haɗa gari da gari sukan yi shekaru a inda suke. Sannan yawancin tafiye-tafiyen mutum, gida ne zuwa wurin aiki, zuwa kasuwa, zuwa makarantar yara, inda ko ido rufe ya san hanya. Ribar sabuntawa tana fitowa ne kawai a 'yan tafiye-tafiyen da ka je inda ba ka sani ba, kuma aka yi dace canjin ya faɗa a kan hanyar da za ka bi. Ka ƙirga su a shekara, ka raba kuɗin a kansu, za ka ga nawa kowace tafiya ta ci.

Na uku, ita kanta "sabuwar" taswirar ba sabuwa ba ce. Sai an tattara bayanai, an tantance, an miƙa wa kamfanin mota, ya juya su zuwa tsarin da na'urarsa take karantawa, ya gwada, sannan a fitar. Wannan yana cin watanni. Ranar da ka sa katin, hoton titunan da ke ciki ya riga ya kwana biyu, kuma daga ranar zai ci gaba da tsufa har ka sake biya.

Motar Amurka a titin Kano

Duk wannan muhawarar ta masu mota ce a ƙasashen da aka ƙera motar dominsu. Mu tamu matsalar ta fi haka sauƙin ganewa. Na'urar da ke cikin mota an ɗaure ta ne da yankin da aka yi niyyar sayar da motar. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana zuwa da taswirar Arewacin Amurka, ta Turai kuma da ta Turai. Motar da ta sauka a Legas ko Kwatano ta taho Kano, taurari suna ganinta sarai, ta san lambobin wurin da take, amma a kundinta babu titi ko ɗaya a wannan wurin. Shi ya sa za ka ga kibiya tana yawo a fili fetal. In ka sayi sabuntawar da kamfani ya yi wa wannan samfurin, sababbin titunan Texas ka saya. An sayar da kare an sayi biri kenan, tsugune ba ta ƙare ba.

Wani zai ce, ai akwai taswirar da ta haɗa da Afirka. Akwai, ga wasu motocin. Amma abu biyu sai sun cika. Dole na'urarka ta yarda ta karanta ta, alhali da yawa an kulle su a kan yankinsu. Sannan dole taswirar ta san garinka da gaske, ba manyan hanyoyi uku da sunan gari kawai ba. Garuruwanmu kuwa suna cikin masu saurin canza kama. Dubi gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Kano, irin na Dangi da na Hotoro, ko yadda aka sake fasalin Kawo a Kaduna, ko gada ta biyu a kan kogin Neja tsakanin Asaba da Onitsha da aka ƙaddamar a 2023. Abin mamakin kenan: inda aka fi bukatar sabuwar taswira, nan ne tsarin sayar da kati sau ɗaya a shekara ya fi gazawa.

Ga kuma batun adireshi. Tsohuwar na'urar mota so take ka rubuta mata jiha, gari, sunan titi, lambar gida. Mu kuwa kwatance muke yi: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai jan ƙyaure. Abin da ya warware mana wannan a aikace shi ne mutum ya turo maka inda yake ta WhatsApp, ka danna, waya ta kai ka. Tsohon allon mota ba shi da ƙofar da wannan saƙon zai shiga.

Bayanin cunkoso ma haka. Motocin Turai da yawa suna karɓarsa ne ta wani saƙo da ake ɓoyewa a cikin tashoshin rediyon FM, na Amurka da yawa kuma ta SiriusXM, wanda Amurka da Kanada yake yi wa hidima. Waɗansu ta layin waya na 3G suke samu, kuma ko a can Amurka, da manyan kamfanonin waya suka rufe 3G a 2022, motoci masu yawa sun rasa irin waɗannan hidimomi. Ita kuwa waya, daga motsin sauran wayoyin da ke kan titi take gane inda aka cushe, a daidai wannan lokacin.

Inda na'urar mota ta fi waya

Adalci shi ne a faɗi abin da take da shi. Na'urar mota ba ta dogara da tauraro kaɗai ba. Tana karɓar bayani daga tayoyi, ta san nisan da aka ci, tana kuma da wata 'yar na'ura mai jin juyawa da ake kira jairoskof. In saƙon tauraro ya yanke, a cikin ramin dutse ko tsakanin dogayen gine-gine, sai ta ci gaba da lissafi: daga inda na sani na ƙarshe, na yi mita kaza, na karkata kaza, don haka ina nan. Wannan dabarar ta girmi GPS a mota. Honda ta fitar da na'urar da ke aiki da ita tun 1981, alhali motar farko da ta zo da GPS daga kamfani, Mazda Eunos Cosmo, sai a 1990 ta fito. Bayan haka eriyar mota takan fi ta waya samun sararin sama, allon ya fi girma, ba ya faɗowa daga gilashi, kuma an gina shi don ya jure zafin da kan sa waya ta ɗauke a kan dashbod a watan Afrilu.

Amma ka lura, duk waɗannan falala ce ta ƙarfen, ba ta sabon kati ba. Kuma hujjar da aka fi kafawa da ita, wato "ai tana aiki inda babu sabis", ta yi rauni. Waya ma ba ta bukatar sabis kafin ta ji tauraro, kuma yawancin wayoyin yanzu ban da GPS suna sauraren GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin. Taswirar ce take bukatar intanet, ita ma ana iya sauke ta tun daga gida. Google Maps yana ba da damar haka, akwai kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da aka gina a kan OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004, wadda kai ma za ka iya shiga ka ƙara layin unguwarku. Sannan tun da Apple CarPlay ya fito a 2014, Android Auto ya biyo baya a 2015, motar da take da su tana ba ka allon mota da taswirar waya a lokaci guda.

Lissafin yana juyawa ne a sababbin motoci, inda taswira ta daina zama abin kallo kawai. A motocin lantarki da yawa, in ka sa tashar caji a na'urar motar, takan fara daidaita zafin batir tun a hanya don ya sha caji da sauri. A Tarayyar Turai kuma, tun Yulin 2024 dole kowace sabuwar mota ta zo da tsarin da ke faɗakar da direba iyakar gudu, kuma da yawa suna haɗa kyamara da bayanin taswira ne. A irin waɗannan, tsohuwar taswira tana taɓa aikin motar kanta. Sai dai su ɗin galibi ta intanet suke sabunta kansu, ba sai an je neman kati ba.

Garin neman gira

Saboda tsadar na kamfani, kasuwar bayan fage ta buɗe: katunan da aka kwafa, da manhajar da aka fasa don a tilasta wa na'ura karɓar taswirar wani yanki. A nan ne nake ganin haɗarin ya fi ribar nesa ba kusa ba. A motoci da yawa, allon nan shi ne na kyamarar baya, shi ne na rediyo, a wasu ma ta nan ake sarrafa na'urar sanyaya mota. In aka loda masa abin da ba nasa ba, ko batir ya yi sanyi ana tsakiyar lodi, yana iya mutuwa ɗungurungum, kuma canza shi ya ninka kuɗin taswira sau da yawa. Kada ka ɗauka sai a hannun ɗan koyo hakan take faruwa. A watan Yunin 2016, wani gurɓataccen saƙo da aka tura ta iska ya rikita allon motocin Lexus da dama a Amurka, sai da masu su suka koma wurin dillalai. In na kamfani zai iya yin haka, ina ga katin da ba a san asalinsa ba?

Waya ma ba ta san komai ba

Kada a fahimci cewa ina nufin a miƙa wuya ga waya. A watan Satumban 2022, a jihar North Carolina ta Amurka, wani magidanci ya rasu bayan motarsa ta faɗa daga wata gada da ta karye tun 2013, iyalinsa kuma suka kai Google ƙara a 2023 bisa zargin cewa manhajar ce ta bi da shi ta nan. Kowace taswira, ta kati ko ta intanet, labarin da wani ya kai mata take maimaitawa. Inda ba mai kai labari, shiru take yi, ta ci gaba da nuna hanyar kamar lafiya lau.

Wannan ya fi shafarmu. Manhaja tana zaɓar hanya ne da lissafin nisa da lokaci. Ba ta san wace kwalbati ruwan daren jiya ya cinye ba, ba ta san wace hanya direbobi suka daina bi bayan La'asar saboda 'yan bindiga ba. Za ta iya ce maka ga yanke ta daji da zai rage maka minti 40, kuma a lissafinta ta yi daidai. Wannan bayanin a tasha yake, a bakin direbobin haya da suka biyo hanyar da safe. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu sabuntawar da ta maye gurbin wannan tukuna.

To, wa ya kamata ya sabunta?

In kamfanin motarka yana bayarwa kyauta, kamar yadda Hyundai da Kia suke yi wa samfurori da yawa, kuma taswirar ta yankin da kake ce, ka sabunta. Ka sauke daga shafin kamfanin, ka bi umarninsa, kada ka kashe mota ana tsakiyar lodi. In sabuntawar ta manhaja ce da kamfani ya fitar don gyara wata matsala, ita ma ka yi, ko da ba ka amfani da taswirar. In motar lantarki ce, ko mai tsarin taimakon direba da ke dogara da taswira, nan ma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

In kuwa tsohuwar mota ce da aka shigo da ita, kuma kuɗi za ka biya, yi wa mai sayarwa gwaji ɗaya kafin ka zaro ko sisi. Ka ce ya nuna maka, a kan allo, wurare uku da ka san an canza a garinku cikin 'yan shekarun nan: sabuwar gada, sabon shataletale, sabuwar unguwa. Ka tambaye shi wace shekara aka tattara bayanan, ba shekarar da aka buga a jikin kwali ba. Ka tambaye shi wa zai ɗauki nauyi in allon ya mutu. In ya kasa ko ɗaya, riƙe kuɗinka. Kaɗan daga cikinsu ya isa ka sayi maƙalin waya mai ƙarfi da cajar mota mai kyau, ka sauke taswirar jihohin da za ka ratsa, ka saita inda za ka tun kafin ka tayar da mota, don kada hannunka ya koma kan waya kana tuƙi.